Jaridun Naɗe Kifi da Na Mayar Ofis

Tsoro ne ya sa na fara karanta jaridar Turanci, kuma karatun nan ya kusa raba yayan matata da aikinsa, saura masa shekara uku ya yi ritaya.

Kifi nake soyawa a bakin titi a Yalwawa, nan Dutse, daga azahar zuwa magariba. Karfasa da tarwaɗa, waɗanda ake kawowa daga wajen Haɗeja. Kifi mai zafi ba ya son leda kai tsaye. Ledar takan yamutse, kifin ya yi gumi ya saki. Sai an fara naɗe shi a takarda ta tsotse man, sannan a jefa a leda. Kowa a sana'ar nan da tsohuwar jarida yake aiki, ni ma haka na tarar.

Yayan matata ne yake kawo min jaridun. Masinja ne a wani ofishin gwamnati a cikin gari, kuma shi ke riƙe da mukullin sito. Mutum ne mai fara'a da tsokana, ya ba ni shekara goma ko fiye. Shi ya tsaya min lokacin aure, shi ya nemo min wurin da na kafa kaskona. Duk bayan mako biyu ko uku, ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya zo da buhun shinkafa cike da jaridu ɗaure a bayan babur, ya sauke a zaure. Ban taɓa tambayarsa inda suka fito ba. Yayan matar mutum ba abokin tambaya ba ne. Ko ido ba na iya haɗawa da shi sosai.

A ƙauyenmu, can wajen Buji, mahaifina ba ya tsallake takarda a ƙasa. In ya gani sai ya sunkuya ya ɗauka ya duba. In da sunan Allah a jiki, ya kaɗe ta ya soke a tsagar katanga. Da wannan na tashi. To wata rana da damina ina share wurina, na tsinci wata takarda da na naɗe wa wani kifi, ya cinye ya yar a bakin kwata. Shafin ta'aziyya ne, irin wanda manya ke sawa in an yi musu rasuwa, da hoton mamacin, da ayar da ake karantawa in an yi mutuwa a sama da rubutun Larabci. Mai ya jiƙa ta, ruwan kwata ya taɓa gefe. Ni na yaga ta, ni na naɗe kifi da ita. Ranar ban iya cin abinci ba.

Daga nan na ɗora wa kaina aiki. Kullum da hantsi sai in shimfiɗa tabarma a zaure, in ɗauko jaridun da zan yi aiki da su ranar, da reza, in bi su shafi bayan shafi. Larabci ba ya ɓuya, daga nesa ake ganinsa. Wahalar tana ga sunan Allah da aka rubuta da boko a tsakiyar Turanci, ƙanana ƙanana. Sai na bi layi da yatsa. Daga baya kuma na tuna sunayen mutane da ke ɗauke da sunan Allah a ciki, su ma na shiga yanke su. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce min, "Wannan waswasi ne. Ka cire abin da ka gani a fili, sauran ka bar wa Allah." Na ce to. Na dawo gida na ci gaba da yanka. Abin da na yanke ina tarawa a gwangwani, in ya cika in ƙona in binne tokar.

Matata in ta ɗaga shafi ta ga ya yi huji-huji sai ta ce, "Baban yara, ɓeran gidan nan dai ya fi na kowa ilimi."

Firamare kawai na yi. Na san haruffa, ina iya haɗa su in furta, amma ma'ana kaɗan nake tsinta. Sai dai wanda yake bin layi da yatsa kullum, ko bai so ba, ido zai saba. Na fara lura akwai wasu kalmomi da ba sa barin jarida. Yau suna shafin farko, gobe suna na tsakiya, jibi suna can wajen labarin ƙwallo. Rashin sanin abin da suke faɗa ya fara damuna, don mai yiwuwa ne ina naɗe wa mutane abinci da zagi ko saɓo ban sani ba.

Akwai wani tsohon hedimasta da ke zama a bencina da la'asar. Kan kifi kawai yake saya, ya ce nan daɗin yake. Shi na kai wa ƙara.

"Malam, wannan kalmar ta hana ni sakat. Yau sau tara na ci karo da ita."

Ya goge yatsunsa, ya ɗora tabarau. "Alleged. Ita ce 'wai' ta Bature. In ɗan jarida yana son ya ce mutum ɓarawo ne amma yana tsoron kotu, sai ya sa ta a gaba ya laɓe a bayanta."

"To ɓarawon ne ko ba ɓarawon ba ne?"

"Shi ma mai rubutun bai sani ba. Ko ya sani yana tsoro. Miƙo min kan can na gefe, ya fi soyuwa."

Shi ya nuna min yadda zan yi. Ya ce Turancin jarida kamar kasuwar Shuwarin yake: ranar farko ka ga taro ka firgita, amma in ka je sau biyar za ka gane fuskokin nan ne dai. Ya ce kada in haɗiye da yawa. In sayi littafin rubutu, duk mako in ɗauki kalma biyar da na fi gani, in rubuta kowace tare da kanun labarin da na same ta a ciki, don kalma ita kaɗai kamar akuya ce ba igiya. Shi zai faɗa min ma'ana, ni kuma in je in farauto ta a wasu shafukan in ga ko ma'anar ta zauna. Ya shiga kirana ɗalibi. In ya iso sai ya ce, "Ɗalibi, yau wa aka kama?"

Kusan kullum kuwa an kama wani. Abin da na fara lura da shi ke nan bayan 'yan watanni: kalmomin da suka fi yawo a jarida ba na alheri ba ne. Suspect, wanda ake zargi. Probe, bincike. Deny, musantawa. Divert, karkatar da kaya daga inda aka nufa da su. Missing, abin da ya ɓata. Da ƙyar nake samun ta arziki guda ɗaya a shafi. Na karanta labarin taki da aka karkatar, da magani na jabu, da fayil-fayil da suka yi ƙafa daga ofis. Ni da dama can ba na rasa abin damuwa, sai ga shi na samu sunayen da zan kira damuwar da su. Na fara duba idon kifi sau biyu kafin in karɓa daga hannun mai kawo min. Na fara shinshina jarkar mai. Mai sayar min da yaji, mutumin da muka yi shekaru tare, na tsaya ina murza yajinsa a tafin hannu ina neman garin bulo. Yana kallona na yi.

Wata safiya ina bin shafin farko na wata jarida, sai idona ya sauka a kan hatimi mai ruwan shuɗi a kusurwar sama. Shekara biyu ina ganin hatimin nan a kan kowace jarida da Yaya ya kawo. Ban taɓa kula shi ba, tunda ba sunan Allah a ciki. Ranar kuwa sai na ga ina karanta shi. Kalmomi biyu a ciki suna littafina. Property, dukiya ko kayan wani. Remove, ɗauke abu daga wurinsa. A gaban ta biyun akwai kalmar hani, wadda tun firamare na san ta. Kayan ofis ne, kada a ɗauke.

Na ajiye reza. Na jawo buhun na zazzage. Kowace da hatiminta. Na duba kwanan wata. Yawanci tsofaffi ne, na watannin baya, amma a ƙasa na samu guda shida na makon da ya wuce, ko lanƙwasar karatu babu a jikinsu.

Nan take duk abin da na saba gani ya canja kama. Me ya sa sai Juma'a, ranar da ake tashi daga ofis da wuri, kowa ya watse? Me ya sa a buhun shinkafa, an ɗaure bakinsa tam? Me ya sa yake shigo da babur har cikin zaure kafin ya kwance? Na tuna wata rana da maƙwabcina ya ce masa, "Masinja, mu ma a sammana jaridar nan," ya yi dariya ya ce, "Ta gida ce." A lokacin na ɗauka karamci ne. Yanzu na ji ta kamar maganar mai ɓoye abu. In kayan sata ne, to shekara biyu ke nan duk kifin da na sayar a cikinsu na naɗe shi, kuma da cinikin na ciyar da iyalina.

Na sami matata tana tsince shinkafa, na nuna mata hatimin.

"To sai me?" ta ce.

"An rubuta kada a ɗauke."

"A jikin katangar makarantar can ma an rubuta kada a yi fitsari."

"Ba wasa nake ba. In ba da izini yake ɗaukowa ba fa?"

Ta ɗago ta dube ni. "Yaya kake cewa ɓarawo?"

"Ban ce ba. Na ce wai."

"Wai ɗin wa ya faɗa? Kai ne ka faɗa. Tsohuwar takarda da gara ke ci. In abin ya dame ka, ga shi nan zai zo Juma'a, ka buɗe baki ka tambaye shi."

Ta san ba zan iya ba. Ni ma na sani. Amma na gwada. Da ya zo, na taya shi sauke buhu, na kawo masa ruwa, na tsuguna daga gefe.

"Yaya, jaridun nan kuwa ba sa ƙarewa a wurinku."

"Ina za su ƙare? Kullum sai an kawo. Kowa yanzu a waya yake karatu, su kuma suna ta tara min aiki."

"Su manyan... ba sa nema?"

Ya yi dariya. "Mai kifi, ka soya kifinka. Ka bar mana manya, mu muka san halinsu."

Maganar ta tsaya nan. Da ya tafi na yi ta juya ta. Ka bar mana manya. A jarida in aka tambayi mutum ya kauce, akwai kalmar da ake rubutawa, ita ma tana littafina. Bai musanta ba, bai kuma amsa ba.

Na daina taɓa jaridun. Na koma sayen takardar buhun siminti, in ɓare ta ciki mai tsabta in yanka. Amma ban iya ce masa ya daina kawowa ba, don zai tambayi dalili. Buhu ya zama biyu, ya zama uku, a jingine a zaure na rufe su da tabarma. In na wuce su sai in ji kamar na ɓoye mutum a gidana. In mota mai lambar gwamnati ta rage gudu a gaban kaskona, sai in sunkuyar da kai in shiga juya kifi. Wani mai farar riga ya taɓa tsayawa ya daɗe yana kallon teburina, na tabbata daga ofis aka turo shi. Ashe tarwaɗa yake zaɓa.

A ƙarshe na yanke shawarar in mayar da kayan wurin masu su. Haka aka koya mana: haƙƙin wani ba ya sauka daga wuya sai an mayar. Na tsara abin a raina sarai. Ba zan yi ƙarya ba, ba kuma zan ambaci kowa ba. Zan ce kayansu ne suka zo hannuna, ga su. Na faɗa wa hedimasta.

Ya ajiye ƙashin da yake tsotsa. "Ɗalibi, masinja nawa ne a ofishin?"

"Ban sani ba, Malam."

"Ka sani. Ka je ka sami mutumin nan ka yi masa magana a tsakaninku."

"Yayan matata ne."

"Shi ya sa. Kunya tana da kyau, amma ba ta shiga ofis. Can ba a san ta ba."

Na ce zan yi tunani. Tunanin da na yi shi ne Malam ɗan boko ne, sun saba ɗaukar kayan gwamnati kamar ruwan rafi. Har shi na fara zargi.

Ranar Litinin da safe na tari adaidaita na loda buhu uku. Matata ta tafi gidan suna, ban faɗa mata ba. Na zaɓi ƙarfe goma don na san a lokacin Yaya yakan fita kai takardu wasu ofisoshin.

A ƙofa mai gadi ya tsayar da ni, ya turo min wani dogon littafi da biro. Duk mai shiga sai ya rubuta sunansa da abin da ya kawo shi. Na ga waɗanda suka riga ni da Turanci suka rubuta. Zan iya ce wa mai gadin ya rubuta min, ko in rubuta da Hausa. Amma ina da kalmomin, kuma wannan ne karo na farko da na samu inda zan yi aiki da su. A gurbin dalilin zuwa na rubuta guda uku a jere, a hankali, harafi bayan harafi: alleged, missing, property. Ta farkon na sa ta ne don in kare Yaya, tunda ban tabbatar ba. Mai gadi ya juya littafin ya duba, ya dube ni, ya dubi buhunan, ya miƙe tsaye.

Aka kai ni wurin jami'in da ke kula da ma'aikata, wani mai furfura a gemu, yana shan shayi. Mai gadi ya ajiye littafin a gabansa ya nuna layin da yatsa.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ɗan jarida ne kai?"

"Kifi nake soyawa."

Ya sa aka kwance buhu ɗaya. Da ya ga abin da ke ciki sai ya jingina da kujera ya saki numfashi, kamar zai yi dariya ya fasa.

"Wa ya ba ka?"

"Ranka ya daɗe, ban zo kai ƙarar kowa ba. Kayanku ne, na ga hatimi, na kawo."

"Malam, mutum ɗaya ne yake da mukullin sito a gidan nan. Ni na ce ya riƙa kwashe tsofaffin, gara ta cinye mana kanta guda. Da baki na faɗa masa, tun bara waccan."

Ashe da izini. Na fara godiya ina shirin tashi. Shi kuwa hannunsa yana cikin buhu yana juyawa, sai ya zaro ɗaya, ya duba kwanan wata, ya zaro wata. Ya jera guda huɗu a kan tebur.

"Waɗannan ba tsofaffi ba ne. Wannan ma darakta ya neme ta ranar Alhamis, aka ce ba a kawo ba."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Da da baki ka zo min da maganar nan, da a ɗakin nan za ta mutu. In kira shi in yi masa faɗa, shi ke nan. Amma ka rubuta a littafin ƙofa an yi ɓatan kaya. Darakta yana duba littafin nan duk yamma ya sa hannu. Ba a yaga shafi, ba a gogewa. Abin da ya shiga rubutu sai rubutu ya fitar da shi."

Ina tsugune a wurin, sai ƙofa ta buɗe. Yaya ne, ya dawo da wuri, da fayil a hammata. Ya ga buhunan, ya gan ni. Ya gaishe da jami'in, ya ajiye fayil ɗin a kan tebur yadda ya saba, ya gyara shi ya daidaita da gefen tebur. Ni ko inda nake bai sake duba ba. Jami'in ya ce in tafi.

Ranar ban kunna wutar kasko ba. Da matata ta dawo ta ga zaure fayau, ta tambaya, na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Shekara talatin da biyu yana share musu tebur." Ta shige ɗaki.

Ranar Laraba kafin azahar, ina wanke kifi a wurin sana'ata, sai ga babur ɗinsa. Ya kafe shi, ya zauna a benci, ya zaro farar takarda daga aljihu ya miƙo min.

"Wanke hannunka ka karanta min. Ni karatuna na allo ne, fayil ma da launi nake gane shi. Kai ne Bature a dangi."

Na wanke hannu na karɓa. Takardar neman bayani ce, wadda ma'aikata ke kira kweri. Abin da ya fi ci min rai shi ne na gane ta kusan duka. Kalmomin littafina ne a jere, kamar sun san ni. Na fassara masa a hankali: ana zarginsa da ɗauke kayan ofis ba da izini ba, ya yi bayani a rubuce cikin kwana biyu. Kalma ɗaya doguwa ce ta tsaya min a layin ƙarshe.

"Wannan ban san ta ba, Yaya."

"Ashe akwai saura."

Muka jira hedimasta. Da ya zo ya duba ya ce horo take nufi, kuma horo a aikin gwamnati yana farawa daga jan kunne ya kai har kora. In kora ce, fansho ya tafi. Yaya ya gyaɗa kai kawai, yana kallon titi.

Hedimasta ya ce a ba shi takarda ya rubuta amsa. Na yago masa fallen tsakiya daga littafina. Ya ɗora a gwiwa, yana rubutu yana faɗa mana da Hausa: cewa jami'i ne ya ba da umarnin a kwashe tsofaffin jaridu saboda gara, cewa shekara biyu ana haka ba wanda ya yi ƙorafi.

"Sai mu ce duk abin da ka ɗauka tsofaffi ne, waɗancan sababbin kuskure ne suka faɗa cikin buhu."

Na san ba kuskure ba ne. Kowane buhu da su a ƙasa, an shimfiɗa su da kyau. In na yi magana na ƙarasa shi, in na yi shiru an rubuta ƙarya a gabana a takardar littafina. Na sunkuyar da kai ina kallon ruwan kifi. Yaya ne ya yi magana.

"Malam, goge wannan. Rubuta da sani na ɗauka."

"Masinja, kana sane da abin da kake faɗa?"

"Ina sane. Sababbin sun fi tsabta, ba ƙura ba kashin ɓera, abinci za a naɗe. Na ga ba mai karantawa, na haɗa masa da su. Rubuta haka, ka ce na yi kuskure ina neman afuwa." Ya nuna ni da haɓa. "In ka rubuta ɗayar, wannan ba zai yi barci ba, jibi sai ya sake tarar adaidaita."

Hedimasta ya yi 'yar dariya ta hanci, ya soke layin, ya ce in yago wani fallen. Ya rubuta sabuwa. Yaya ya sa hannu, ya ninke, ya hau babur. Na ce, "Yaya, ga kifi ya kusa." Ya ce ya ƙoshi.

Mako uku aka yi ba labari. Ban taɓa ganin makonni masu tsawon waɗannan ba. Duk wanda ya zo sayen kifi daga wajen ofisoshi sai in karanci fuskarsa in ga ko ya san wani abu. In biyu suka yi magana ƙasa-ƙasa a benci, na tabbata maganarmu ce. Na yi tunanin in koma wurin jami'in in roƙe shi, na tambayi hedimasta, ya ce in na sake taka ƙofar ofishin nan zai daina cin kifina har abada. Matata tana zuwa gidan Yaya tana dawowa, in na tambaya ta ce, "Suna gaishe ka," ta wuce.

Ita ta kawo labarin a ƙarshe. An ba shi takardar jan kunne, an saka a fayil ɗinsa, an karɓe mukullin sito an ba wani. Aikinsa yana nan, fanshonsa yana nan. Na yi sujada a tsakar gida. Da na ɗago ta ce, "Ba ni za ka nuna wa ba. Ka san hanyar gidansa."

Na je ranar Asabar da hantsi. Na same shi a ƙofar gida yana wanke babur. Na cire takalmi na tsuguna, na gaishe shi, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har na rasa wanda zan tambaya. Sannan na ce ya yafe min.

Ya matse tsumma ya ci gaba da goge taya. "Na yafe tun ranar. Ni ma na ɗauki abin da ba a ce in ɗauka ba." Ya ɗago ya dube ni. "Abu ɗaya ne ban gane ba. Ka gan ni a zaurenka, ka ba ni ruwa na sha. Me ya hana ka ce, Yaya, an ba ka izini?"

"Na ji nauyinka ne."

"Ka ji nauyin tambayata, ba ka ji nauyin buhu uku ba."

Ya ɗauraye tsumman a bokiti, ya miƙo min, ya nuna min ɗayar tayar. Na naɗe hannun riga na matsa.